Amsa ga mai son saka na'urar tausasa ruwan burtsatse a gidansa

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka ce ruwan burtsatsen gidanka a Sakkwato yana barin farin ɓawo a butar shayi, kan shaya yana toshewa, ƙarfen hita ya ƙone, sabulu kuma ba ya kumfa. Mai aikin famfo ya ce a sayo na'urar tausasa ruwa a ɗaura ta a gindin tankin sama, shi ne kake tambaya ko za ta yi, kuma ko ana shan ruwanta. Akwai irinta a gidana an kwana biyu, na kuma ga ta mutane da dama, wadda ke aiki da wadda take tsaye kawai. Na'urar tana aiki, wannan babu shakka. Amma in dai a gindin tanki za a kafa ta haka nan, ba tare da injin ƙara matsin ruwa ba, to dakata, kada ka fitar da kuɗinka tukuna.

Kafin mu zo nan, a fara gwada ruwan. Alamomin da ka lissafa na ruwa ne mai yawan kalsiyam da magniziyam, kuma ba abin mamaki ba ne a yankinmu. Ƙasar tana da dutsen farar ƙasa, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, haka ma a Malbaza ta Nijar. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse sai ya kwaso sinadaran. Sai dai ruwan zartsi kala biyu ne. Akwai mai cin sabulu da barin ɓawo, akwai kuma wanda ake jin gishiri a harshe. Wannan na'ura maganin na farko ce kaɗai. Idan naka na biyun ne, ba abin da za ta rage, sai ma ta ƙara. Saboda haka ka ɗebi ruwan a roba mai tsabta bayan sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin burtsatsen, ya ɗan jima yana aiki, ka kai ɗakin gwaje-gwaje na hukumar ruwa ko na jami'a, ka ce a auna maka nauyin kalsiyam da magniziyam, da ƙarfe, da jimillar narkakkun sinadarai, da kuma ƙwayoyin cuta. Sakamakon nauyin ruwan zai zo da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa 180 mai nauyi ne, abin da ya haura 180 kuwa ya yi nauyi sosai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsaya a 150. Lambar nauyin da gwajinka ya nuna ita ce za ta faɗa maka girman na'urar da za ka saya. Duk mai sayarwar da ya yanke maka girma bai tambaye ka ita ba, cinikinsa kawai yake yi.

Wata 'yar na'ura da masu harkar ke yawo da ita a aljihu, mai kama da biro, wadda suke tsomawa a kofi ta nuna lamba, ba nauyin ruwa take aunawa ba. Jimillar duk abin da ya narke a ruwan take nunawa. Ko bayan an saka na'urar tausasa ruwan tana aiki daidai, lambar da mai kama da biron ke nunawa ba za ta sauka ba. Abin da za ka ajiye a gida shi ne ɗan kwalban gwaji na ɗiga-ɗiga, wanda ake ƙirga ɗigon da ya sa launin ruwan ya juya daga ja zuwa shuɗi.

Dalilin da lambar ba ta sauka shi ne na'urar musanya take yi, ba tacewa ba. A cikin doguwar tukunyar na'urar akwai wasu ƙwayoyin roba ƙanana kamar ƙwan kifi, ana ce musu rezin. Suna riƙe da sodiyam. Idan ruwa ya bi ta cikinsu sai su kama kalsiyam da magniziyam, su saki sodiyam a madadinsu. Bayan wani lokaci sai su cika, ba sa iya kama komai. A nan ne ake wanke su da ruwan gishiri mai kauri daga gajeren tankin da ke gefe, gishirin ya kori abin da suka kama ya fita ta bututun zubarwa, su koma kamar sababbi. Ran na'urar gaba ɗaya yana wurin wannan wanki. In ba a yi shi ba, cikin mako guda ta zama bututu mai tsada kawai.

To ga inda shawarar mai aikin famfonka ta samu matsala. Ba injin da ke tura ruwan gishirin zuwa cikin tukunyar. Gudun ruwan ne da kansa, yayin da yake ratsa wata 'yar ƙaramar kafa a kan na'urar, yake zuƙo shi. Wannan zuƙa ba ta yiwuwa sai matsin ruwa ya kai kusan 1.5 zuwa 2 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar). Shi kuwa tankin sama, kowace mita 10 ta tsayi ba 1 kacal take bayarwa. Yawancin hasumiyar tankunanmu mita 5 ce ko 6, ka ga abin da zai iso ƙasa bai wuce rabin ba ɗaya da 'yan kai ba. Da wannan, gishiri ba zai zuƙu ba, rezin ba zai motsa ya kakkaɓe dattinsa ba, ruwan banɗaki kuma zai ƙara raunana domin an sa masa wani shinge a hanya. Akwai maƙwabcina da aka ɗaura wa tasa haka. Makon farko kowa na murna, domin rezin sabo yana zuwa da sodiyam ɗinsa. Daga nan ɓawo ya dawo. Da muka buɗe tankin gishirin, yadda aka zuba shi ranar farko haka yake, bai ragu ba. Abin ya ba ni takaici, don mutumin ya kashe kuɗi masu yawa, wanda ya yi aikin kuma ya ce wai ruwan ne ya fi ƙarfin na'ura.

Hanya biyu ce ke ɓullewa. Ko dai a sa injin ƙara matsi bayan tanki, ruwa ya bi ta na'urar ya shiga gida, wanda ke nufin kullum kana bukatar wuta. Ko kuma a kafa ta tsakanin sumo da tanki, ta yadda matsin sumo ne zai yi aikin, tanki ya cika da ruwa mai laushi, ko an ɗauke wuta gida na da ruwa. Ni ta biyun na bi, kuma ita nake ba mutane shawara a irin yanayinmu. Amma tana da sharuɗɗanta. Dole sumo ya kasance yana aiki tun daga farkon wanki har ƙarshe, wato wajen awa ɗaya da rabi, don haka sai lokacin da kake da tabbacin wuta, ko sola, ko janareta. Sannan sumo yakan turo ruwa da gudun da ya fi abin da ƙaramar tukunya ke iya sarrafawa. Mai rezin lita 25, wajen lita 1,000 a awa take ɗauka cikin natsuwa. In ruwa ya fi haka gudu, zai wuce bai gama musanya ba. Ko ka sayi babbar tukunya, irin mai inci 10 a faɗi da 54 a tsayi wadda ke cin rezin lita 40 zuwa 50, ko a sa bawul a daidaita gudun, ana kallon geji don kada a shaƙe sumon. Kuma lalle a sa bawul mai hana ruwa komawa baya kafin na'urar. Idan sumo ya tsaya ruwa ya zurara ya koma rijiya, yana zuƙe tukunyar ta ciki, ita kuma an yi ta ne don jure matsi daga ciki zuwa waje, ba akasin haka ba. Tana iya loɓewa ko ta tsage.

Batun kan na'urar, wato bawul ɗin da ke saman tukunyar wanda ke gudanar da wanki, akwai mai sarrafa kansa da lantarki, akwai na hannu. Mai aiki da agogo shi ne ya fi ba da wahala a nan, domin ɗauke wuta na rikita masa lokaci, ya tashi wanki da tsakar dare sumo a kashe. Na hannu ya fi sauƙin kuɗi, ba shi da abin ƙonewa, sai dai yana son mutum mai kula. Ka murɗa zuwa wankin baya, inda ruwa ke bi daga ƙasa zuwa sama ya kakkaɓe rezin, wajen minti 10, sai zuƙar gishiri da ɗauraya a hankali minti 45 zuwa awa ɗaya, sai ɗauraya mai ƙarfi minti 10, sannan a mayar da ruwa tankin gishiri. In ka san babu wanda zai tsaya a kan wannan a gidan, ɗauki mai lantarki wanda ke ƙirga litar da ta wuce, ka haɗa shi da inbata.

Ga lissafin girma, sai ka sa naka alƙaluman. Lita ɗaya ta rezin tana kama wajen giram 50 kafin ta cika. Mai lita 25 ke nan giram 1,250. A ce gwajinka ya nuna 300, gidanka kuma na shan lita 1,000 a yini, giram 300 ke nan kullum, wanki duk kwana 4. Kowane wanki zai ci gishiri kilo 3 zuwa 4 da ruwa kusan duro guda. A wata ka tasar wa buhu mai kilo 25. Wannan kuɗi ne da ba ya ƙarewa, gara ka san da shi tun yanzu, ka kuma tabbatar akwai inda za ka riƙa samun gishirin a kusa. Na ƙwaya-ƙwaya da aka yi domin na'urar shi ne daidai. Gishirin miya mai laushi yana dunƙulewa ya zama laka a gindin tanki, kantun da ake ba dabbobi kuwa ƙasar da ke cikinsa za ta toshe 'yar kafar nan da na ambata. Lita ɗaya ta ruwa giram 360 take narkarwa, wato wajen lita 10 ake bukata a tankin don narkar da gishirin wanki ɗaya, kuma a bar shi ya yi awanni yana jiƙa kafin wanki na gaba. Da damina gishirin kan daskare daga sama ya bar rami a ƙasa, ka ga tanki a cike alhali ruwa bai taɓa shi. Riƙa soka sanda lokaci-lokaci.

Ranar aiki ka tsaya a kan mai aikin famfon. Daga sumo, matacin yashi da laka ne farko, sannan na'urar. A yi mata hanyar kewaye da bawul uku, ɗaya a shiga, ɗaya a fita, ɗaya a tsakiya, domin ranar da ta samu matsala kada gida ya rasa ruwa. A sa yuniyon a ɓangarorin biyu yadda za a iya kwance kan ba tare da yanka bututu ba. A duba kibiyar shiga da fita da kyau, ana yawan juya su. Wajen zuba rezin a toshe bakin bututun tsakiya da salatif, kuma kada a cika tukunyar, a bar kusan kashi ɗaya cikin uku fili, nan ne rezin ke tashi lokacin wankin baya. Tiyon zubar da ruwan wanki kada a cusa shi cikin kwata ko bututun masai, a bar tazara tsakanin bakinsa da magudanar don kada ƙazanta ta zuƙu ta dawo. Ruwan nan gishiri ne zalla, zai kashe maka mangwaro da zogale, kuma a nisanta shi da bakin rijiyar. Farkon buɗewa a saki ruwa kaɗan-kaɗan iska ta fita, a ɗauraye har sai ruwan ya daina launin rawaya kafin a tura tanki.

Sai rana. Ka san zafin Sakkwato a watan Afirilu da Mayu. Tukunyar da kan na'urar duk ba sa son zafi mai tsanani, rana kuma tana cin jikin robar. Yi mata 'yar rumfa ko ɗaki mai iska, a kan daɓe mai lebur.

Idan gwaji ya nuna ƙarfe ya haura miligiram 0.3 a lita, ko ka lura ruwan na fitowa garau amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja, to akwai aiki kafin na'urar. Tsatsa tana lulluɓe rezin ta kashe shi tun bai tsufa ba. Sai an fara sa ruwan ya sha iska a wani tanki, a tace, sannan ya zo nan. Haka in kana zuba kulorin a rijiya ko tanki, kada mai ƙarfinsa ya bi ta cikin rezin.

Game da sha: duk miligiram 100 na nauyin da aka cire, sodiyam miligiram 46 ne ke maye gurbinsa. A misalinmu na 300, wajen 138 ke nan a lita. Ga mai lafiya ba wani abin tashin hankali ba ne, amma in akwai mai hawan jini ko ciwon ƙoda da likita ya hana gishiri, ko jaririn da ake haɗa wa madara, ni ba zan ba su ba. Kuma na'urar ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. A gidana an ja layi daban tun kafin na'urar zuwa wani ƙaramin tanki, shi ke ba famfon kicin da na shuke-shuke. Wannan ya rage mini cin gishiri sosai, don babu dalilin tausasa ruwan wanke tsakar gida da ban ruwa. Kalsiyam ɗin da ke lalata hita ba ya cutar da mai sha. In ɗanɗanon ne ba ka so, ƙaramin matacin nan na RO, mai tace narkakkun sinadarai daga ruwa, da ake sawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya isa ruwan sha da girki.

Ka gaya wa iyali tun da wuri cewa za su ji jiki na santsi bayan wanka kamar sabulu bai fita ba. Haka ruwa mai laushi yake, su rage sabulun da garin wanki kawai. Tsohon ɓawon da ke kan shaya da buta kuma ba zai tafi da kansa nan take ba, a jiƙa su da ruwan khal ko lemon tsami.

In sakamakon gwajin ya fito, turo shi nan tare da tsayin hasumiyar tankinka, da ƙarfin sumonka, da yawan mutanen gidan, in sha Allahu sai mu fitar da girman da ya dace da kai kafin ka shiga kasuwa.