Amsar tambayarki kan fuska mai kaushi da faffaɗan ƙofofin gashi

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce wata mata ta zo gyaran fuska tana ƙorafin fatarta ba ta da santsi, ƙofofin gashin hancinta da na kumatunta sun yi faɗi har hoda na taruwa a cikinsu, kuma tana son ki rufe mata su. Dabararki ita ce ki turara ta, ki dirje ta da man dirza mai tsakuwa-tsakuwa, ki bi da ƙanƙara, amma ranki bai kwanta ba, shi ne kike tambaya ko haka ake yi. Gara da kika tambaya kafin ki taɓa ta. Ki ajiye man dirzar nan gefe tukuna.

Ƙofar gashi ba ta da wata tsoka da ke buɗe ta ko rufe ta. Ɗan rami ne da siririn gashi ke fitowa ta cikinsa, a can ƙasa kuma akwai 'yar jakar da ke samar da maiƙo, maiƙon ya biyo ramin ya fito ya shafe saman fata don kada ta bushe ta tsage. Tururi yana tausasa abin da ya daskare a ciki ne kawai. Ƙanƙara kuwa tana sa jijiyoyin jini su tsuke na ɗan lokaci, sai fuska ta yi kamar ta ɗame, kafin matar ta kai gida komai ya koma yadda yake. Girman ramin kansa yawanci gado ne. Saboda haka kada ki taɓa yi wa kowa alkawarin rufe su, don ranar da alkawarin bai cika ba ke za ta zarga, ta kuma tafi wajen wanda zai ba ta abin da zai lalata mata fata. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage fitowarsu fili, kuma idan aka bi hanya ita da kanta za ta ga bambanci a madubi.

Abin da ke sa rami ya fito fili ba ya wuce uku. Ko dai fatar na fitar da maiƙo da yawa, ko matacciyar fata ta cakuɗu da maiƙo ta cushe ramin ta buɗa bakinsa, ko kuma fatar da ke kewaye da shi ta saki saboda shekaru da rana sun cinye kolajin, wato furotin ɗin da ke riƙe da ita. Kowanne da maganinsa, kuma ba za ki san wanne ke gabanki ba sai kin duba da kyau. Nan nake so ki daɗe, domin rabin sana'ar nan a ido da yatsa take.

Ki wanke mata fuska da abin wanki mai laushi, ki bar ta kamar minti 20 ba ki shafa komai ba. Sai ki kashe fitilar sama, ki haska ƙarama daga gefen kunnenta yadda hasken zai kwanta a kan fatar. Hasken gaba yana ɓoye abubuwa, na gefe kuwa yana fitar da inuwar kowane tudu da kowane rami. Ki dubi goshi da hanci da haɓa. Idan sun fara sheƙi cikin wannan ɗan lokacin, ramukan kuma zagayayyu ne, to maiƙo ne matsalar. Ki dubi kumatu kusa da hanci. Idan ramukan sun yi tsawo kamar an ja su ƙasa, har wasu na haɗuwa suna yin layi, wannan sakin fata ne, kuma duk dirzar duniya ba za ta taɓa shi ba. Daga nan ki wanke hannu ki bi fuskar da kan yatsa a hankali, daga haɓa zuwa goshi. Yatsa na jin abin da ido ya tsallake.

Kaushin da za ki ji iri-iri ne. Akwai ƙananan tudu masu launin fata, ba zafi ba ja, sun fi yawa a goshi da muƙamuƙi; ramuka ne da suka toshe fata ta rufe bakinsu, kuma sau da yawa man kitso mai nauyi da ke gangarowa goshi ko kwana da kwalliya ne ke kawo su. Akwai baƙaƙen ɗige-ɗige. Ki gaya mata baƙin nan ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ramin ya sauya launi, don mata da yawa suna wanke fuska sau huɗu a rana suna zaton ƙazanta ce. Akwai kuma wasu ɗigogi a hanci masu ruwan toka, jere reras, idan kika matsa sai wani siririn zare mai rawaya-rawaya ya fito. Waɗannan kowa na da su, hanyar maiƙo ce, in kin fitar da su cikin 'yan makonni za su sake cika. Farare masu tauri da ke fitowa kusa da ido ba sa fita da matsa, kada ki gwada. Idan kuwa kika ga ƙuraje duk girmansu ɗaya, suna ƙaiƙayi, suna ƙaruwa in ta yi gumi, mai yiwuwa naman gwari ne ya kama ramukan gashin, maganin ƙuraje na yau da kullum ba zai yi musu komai ba, likita za ta gani.

Sai tabon ƙuraje, wanda almajirai da yawa ke ɗauka ƙofar gashi ce. Ki sa yatsu biyu ki ɗan miƙe fatar kumatun. Idan kwarin ya baje ya ɓace, tabo ne mai faɗi mara zurfi. Idan ya tsaya ƙyam, siriri mai zurfi, shi ne mai wuya. Ko wanne ne, babu man shafawa da ke cike shi, kuma gara ta ji haka daga bakinki tun ranar farko.

Kafin ki shafa mata komai, ki ce ta kawo miki duk abin da take sa wa fuskarta, har da wanda aka haɗa mata a kwalba mara suna. Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci. Mayukan bilicin da yawa na ɗauke da siteroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol da betametason. Suna sirantar da fata har ki ga jajayen jijiyoyi a kumatu, su kawo ƙuraje, ramuka su ƙara fitowa. Haidurokwinon kuma, wani sinadarin bilicin, idan aka daɗe ana shafa shi yana iya barin wani duhu mai kaushi a kan ƙashin kumatu wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Irin wannan fatar ba a yi mata dirza, ba a sa mata asid, wato sinadaran da ke saɓe matacciyar fata. Ki tura ta wajen likitan fata, saboda daina siteroyid farat ɗaya ma yakan sa fuska ta yi ja ta kumbura, sai an janye shi sannu a hankali. Ki kuma tambaye ta ko tana da ciki ko tana neman samu, za ki ga dalili a gaba.

Dalilin da na hana ki dirza shi ne launin fata. Tun 1975 likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fito da ma'aunin da ke kasa fata bisa yadda take amsa rana, wanda yanzu yake da kashi 6. Masu duhun fata, wato kashi na 4 zuwa na 6, duk abin da ya ji wa fatarsu ciwo ko ya harzuƙa ta, sai ta mayar da martani da baƙin tabo. Ki dirje mace da ƙarfi yau, za ta tashi fuska sumul tana gode miki, bayan mako biyu ta dawo da duhu a kumatu wanda zai yi watanni bai tafi ba. Ta zo da ramukan da sai an matso ake gani, ta koma da tabon da ake hangowa daga nesa. Wannan ne abin da na fi tsoro a aikin nan, kuma ina so ke ma ki ji tsoronsa.

Ga mai maiƙo da toshewa, asid ɗin salisilik shi ne abokin aikinki, mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2 cikin 100. Yana narkewa a cikin maiƙo, shi ya sa yake iya shiga can cikin ramin ya sassauta abin da ya cushe. Dare biyu ko uku a mako ya isa a farko. Don kaushin sama-sama akwai asid irin su gilaikolik da laktik da mandelik. Gilaikolik ya fi su saurin ratsa fata, ya kuma fi su raɗaɗi. Ni na fi son mandelik ga mai duhun fata saboda a hankali yake shiga. Niyasinamayid mai kashi 2 zuwa 5 yana taimakawa wajen rage maiƙo da duhu, kuma fata ba ta cika ƙin sa ba. Yumɓun shafa fuska yana tsotse maiƙo na yini guda, ba laifi sau ɗaya a mako, amma kada ki sayar mata da shi a matsayin magani.

Wanda ke yin aikin gaske, a toshewa da sakin fata duka, shi ne dangin ratinol, wato magungunan shafawa na jinsin bitamin A. Suna daidaita yadda fata ke zubar da tsofaffin ƙwayoyinta, suna kuma sa ta sake gina kolajin. Tiretinoyin shi ne tsohonsu, tun 1971 aka amince da shi a Amurka don ƙuraje, kuma likita ne ke rubuta shi. Adafalin mai kashi 0.1 ya fi sauƙi a fata, a 2016 hukumar abinci da magunguna ta can ta yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Wajen koya mata yadda ake shafawa ne ake samun nasara ko akasinta. Da dare kawai, bayan fuska ta bushe sarai, ɗan kaɗan a kan yatsa ga dukkan fuska, a kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da ta baki, a bi da man da ke riƙe danshi. Dare biyu a mako na makonnin farko, sannan a ƙara. Kada ta haɗa shi da asid a dare ɗaya. Ki sanar da ita fatar za ta ɗan bushe ta yi saɓa, ƙuraje ma za su iya ƙaruwa da fari; in ba ki faɗa ba za ta jefar da shi a mako na uku. Mai ciki da mai neman ciki ba sa amfani da shi ko kaɗan. Su sinadarin azelek ake ba su, shi ma da sanin likita.

Fatar matashi tana sabunta kanta cikin kwana 28 ko kusa da haka, ta babba kuma ta fi ɗaukar lokaci. Shi ya sa ba a yanke hukunci kan magani kafin mako 8 zuwa 12. Duk wannan kuma aikin banza ne idan ba ta shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama kowace safiya. Za ta ce miki baƙar fata ba ta buƙata. Duhun fata yana rage ƙonewa, gaskiya ne, amma bai hana rana cin kolajin ba, bai kuma hana ta ƙara wa tabo duhu ba. Ki nemo mata wanda ba ya barin fari-fari a fuska, don wanda ba ta so ba za ta shafa ba.

A kujerarki, za ki iya fitar da baƙaƙen ɗige-ɗigen da suka nuna. Ɗan tururi na 'yan mintuna ya isa ya tausasa su. Ki sa safar hannu, ki naɗe yatsunki da auduga, ki danna daga gefe biyu zuwa ƙasa sannan ki ɗago, farce kada ya taɓa fata. Kin gwada sau biyu bai fito ba, ki wuce, bai nuna ba. Kumburarren ƙurji ja kuwa ba a taɓa shi sam.

Na'urar ƙananan allurai da ta hasken leza suna taimaka wa tabo da sakin fata, amma ba su kai hannunki ba tukuna. Ba a bin allura a kan fuskar da ke da ƙuraje a tsaye, yaɗa su za a yi. Leza ma ba kowace ce ta dace da mai duhun fata ba, wasu na ƙona ta su bar tabo, don haka aikin ƙwararren likita ne da ya saba da irin fatar.

Idan matar ta dawo, ki ɗauki hoton fuskarta da izininta, gaba da gefe biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin sauyin a hankali yake zuwa har mai shi ba ta lura. Ki fara mata da abu uku kawai: abin wanki mai laushi safe da dare, man riƙe danshi mara nauyi, da man kariya daga rana. Bayan mako biyu, in fatar ta lafa, ki ƙara magani guda ɗaya gwargwadon abin da kika gani, don in wani abu ya ɓaci ki san mai laifi. Ki roƙe ta ta rabu da madubin nan mai ƙara girma, shi ke sa ta matse-matse. Ki ba ta ranar dawowa bayan mako huɗu, ki kuma rubuto min abin da yatsanki ya ji da abin da kika tarar a cikin mayukanta, sai mu zaɓi maganin farkon tare.