Tambayi likita: cutar da ake ɗauka a gadon asibiti

Wata baiwar Allah daga Birni ta rubuto: Likita, hatsarin mota ne ya kai babanmu reyanimasiyo (reya, ɗakin masu ciwo mai tsanani), kwana biyar sai ga zazzaɓi mai zafi, wai a can ya ɗauki ƙwayar cuta. Yaya za a yi asibiti ya ba mutum ciwo?

Hajiya Allah ya ba Baba lafiya. Abin nan yana faruwa ko'ina har Faransa. Duk cutar da ta fito bayan awa 48 da kwantar da mutum kuma bai zo da ita ba, ta asibiti muke ce mata. Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ce a ƙasashe irin namu majinyata 15 cikin 100 na ɗauka, a na masu hali 7. A reya ta fi yawa don jiki ya riga ya galabaita, ga tiyon numfashi a maƙogwaro ga sondar fitsari ga robar ƙarin ruwa a jijiya, duk hanyoyi ne da ƙwayoyi irin su Klebsiella da Acinetobacter ke bi su shiga. Kina da ikon tambayar majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, kullum ko har yanzu ana buƙatar sondar, cire ta da wuri ya fi.

Wani daga Mirya: An yi wa ƙanena allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwana uku ba sauƙi, yanzu an rubuto odonas mai tsada. Ba neman kuɗi ba ne kuwa?

A'a Malam. Ƙwayar ce ta saba da maganin, ta koyi narkar da shi. Shi ya sa ake ɗibar jini ko fitsari a kai labo a shuka ƙwayar a ga wane magani ne zai kashe ta, ana jira kwana biyu zuwa uku. In sakamako ya nuna sai imipenem to ba makawa, kuma kuɗinsa ba wasa. Amma bari in faɗi wadda ba a so, ba a reya kaɗai wannan taurin kan ke farawa ba, mu ma da hannunmu ciki. Mura kaɗan sai a tare mai tallan magani a saye kafso biyu da suka sha rana a kan tire, a haɗiye, gobe a daina, alhali mura bairos ce ba ruwanta da amoksisilin, haka ma masu kiwo ke zuba wa kaji da tumaki ba lissafi. A 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne irin waɗannan ƙwayoyi da ba sa jin magani suka kashe a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Daga Zengo: Don me ake hana mu shiga dubiya?

Zumunci na da kyau amma ba a ɗakin reya ba. Mutum ɗaya ya shiga a madadin kowa, ya goge hannu da jel na daƙiƙa 20 zuwa 30 shiga da fita, kar ya zauna kan gado ko ya taɓa tiyo, mai tari kuwa ya yi addu'arsa daga gida. In ka ga ma'aikaci zai taɓa majinyacinka bai wanke hannu ba, tuna masa cikin ladabi, ko da ni ne.