Kek a eya firaya: sama ya ƙone, tsakiya ɗanye

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ba ni da oben, eya firaya (ƙaramar na'urar gashi mai lantarki) kawai nake da ita. Na haɗa kek yadda ake yi a oben, na sa wuta a digiri 180. Kafin minti 20 sama ya yi baƙi ya tsattsage, na ɗauka ya gasu. Da na yanka sai ga tsakiyar kwaɓi ne ɗanye, da ya huce kuma ya lotsa. Na'urar ce ba ta iya gasa kek, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na'urarki lafiyarta ƙalau, kuma tana gasa kek mai kyau. Wutar ce ta yi mata yawa, kuma ina kyautata zaton gwangwaninki ya cika zurfi.

Ki cire kwandon da ake sa abinci a ciki, ki leƙa saman na'urar daga ciki bayan ta huce. Za ki ga wani ƙarfe a naɗe kamar na risho mai lantarki, bayansa kuma fanka. Iyakar sirrinta ke nan. Ba suya take yi ba, ƙaramin oben ne mai hura iska. Tun da kamfanin Philips ya fito da irinta a 2010 aka tsara ta don ta busar da bayan dankali da kaza su yi ƙaras-ƙaras da ɗan mai kaɗan. To abin da dankali ke so shi ne abin da kek ba ya so. A babban oben zafi yana zagaye kek daga sama da ƙasa, kuma wutar tana nesa da shi. A nan kuwa wutar tana saman kansa, tazarar 'yan yatsu, ga iska tana bugunsa ba tsayawa, ƙasan gwangwanin kuma yana samun ragowar zafi ne kawai.

Abin da ya faru da kek ɗinki shi ne, saman ya bushe ya yi ɓawo tun cikin bai ɗumama ba. Da zafi ya isa tsakiya, bakin hoda (hodar da ke sa kek tashi) ya fara aikinsa, kwaɓin ya nemi hanyar tashi bai samu ba, sai ya fasa ɓawon. Tsagewar da kika gani ke nan. Sukarin da ke sama ya ci gaba da ƙonewa, ke kuma kika ga baƙi kika fito da shi. Ƙwai da fulawar tsakiya ba su kai ga kamawa ba, iska ce kawai ta riƙe su, shi ya sa da ya sha sanyi ya zauna.

Duk girkin da ya ce 180 a oben, ki rage digiri 20, ki sa 160. Idan na'urarki ƙarama ce, wutar na kusa sosai, 150 ta fi. Ni dai na fi son a fara da 150 a ƙara lokaci, domin kek ɗin da bai yi ja sosai ba ana iya mayar da shi, wanda ya ƙone kuwa sai dai a kankare. Ki kunna ta ta yi zafi na minti 3 kafin ki saka.

Gwangwani shi ne inda mutane suka fi faɗawa. Ana ɗaukar wanda ya cika kwandon tsam, a zuba kwaɓi har baki, wai kada a yi gashi biyu. Iska sai ta rasa ta inda za ta sauka ƙasa. Ki nemi mai faɗin santimita 15, ko 18 idan kwandonki babba ne, wanda yatsa zai shiga tsakaninsa da bangon kwandon ta kowane gefe. Kada kwaɓin ya wuce rabi. Na alminiyam mara kauri ya fi, domin yana ɗaukar zafi da wuri ya kai shi gefe da ƙasa. Na gilashi da na roba mai jure wuta suna jinkirta zafi, a nan kuma ƙasan ne dama yake fama. Idan kina da gwangwani mai rami a tsakiya, shi ne gwani a wannan na'ura: babu tsakiyar da za ta rage ɗanya.

Ga ma'aunin da ya dace da gwangwani mai santimita 15: ƙwai 2, bota giram 100, sukari giram 100, fulawa giram 100, bakin hoda cokalin shayi 1, madara cokalin cin abinci 2, sai ɗan gishiri da ƙamshin da kike so. Botar ta yi laushi amma kada ta narke, ƙwan kuma kada ya fito daga firji kai tsaye, don sanyinsa yana tsinka kwaɓi. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki tankaɗe fulawa da bakin hoda a kai ki juya a hankali. Da zarar farin fulawa ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga yana sa kek ya yi tauri kamar burodi. Kada kuma ki ƙara bakin hoda don ya tashi da kyau; idan ya yi yawa, kek yana kumbura da sauri ya faɗi.

Wannan ma'auni yakan ci minti 25 zuwa 35. Minti 20 na farko kada ki ja kwandon ko sau ɗaya, komai ƙamshin da ke tashi. Yawancin na'urorin nan suna ɗauke wuta da an ja kwando, kuma wurin ƙarami ne, zafinsa yana zubewa nan take. Bayan nan ki duba. Idan sama ya yi ja amma tsakiya na rawa, ki rufe shi da takardar foyil ki mayar. A nan ki kula sosai: ki naɗe bakin foyil ɗin a jikin gwangwanin ya kama gam. Fankar tana da ƙarfin ɗaga shi ta manna a jikin ƙarfen wuta. Haka ma takardar gashi, kada ki taɓa sa ta ita kaɗai a kwando ba abin da ya danne ta, tana iya kamawa da wuta.

Launin sama ba shaida ba ne a wannan na'ura. Ki soka tsinke a tsakiya har ya taɓa gindin gwangwani. Idan ya fito da danshin kwaɓi, ki ƙara minti 5 ki sake gwadawa. Idan ya fito fes ko da 'yan ɓurɓushi busassu, ya yi. Mai ma'aunin zafin abinci za ta ga kamar digiri 95 zuwa 98 a tsakiya. Ki bar shi minti 10 a gwangwanin kafin ki juye. In kika tarar ƙasan ya yi fari da ɗan danshi, ki kife shi a kan takardar gashi, ki mayar cikin kwandon na minti 3 zuwa 4.

Kafin duk wannan, ki wanke kwandon tas, ki goge man da ya fantsama a sama kusa da ƙarfen wuta, amma sai kin cire na'urar daga soket kuma ta huce. Bota tana jan wari, kuma idan kifi kika gasa jiya, za ki ji shi a kek ɗin yau.