Filin Makanikai: Zafin Inji, Lagireto da Tamostat

Tambaya: Assalamu alaikum. Corolla ce da ni, ƙirar 2005. A babbar hanya allurar zafi tana zama a tsakiya, amma da na shiga cunkoso a cikin gari, musamman in na kunna esi, sai ta fara hawa. Makanikena ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai don ƙasashen sanyi aka yi tamostat. In yarda?
Mai Corolla, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Bayaninka ma ya riga ya wanke tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Da shi ne ya maƙale a rufe, a babbar hanya motar za ta fi yin zafi, inda inji ke aiki da ƙarfi. In kana gudu iska ce ke ratsa lagireto da kanta, in ka tsaya kuwa fanka kaɗai ke jawo ta. Saboda haka fankar za a fara tuhuma.

Ka tayar da mota a tsaye, ka kunna esi, ka ɗaga bonet. Ya kamata fanka ta tashi nan da nan. In ba ta tashi ba, a duba fis da rile ɗinta (makunnin da ke ba ta wuta) a akwatin fis na gefen inji. Ana iya musanya rilen da wani mai lamba iri ɗaya don gwaji. In duka lafiya, a cire soket ɗin fankar a ba ta wuta daga batir. Wadda ke juyawa a kasalance, ko sai an ƙwanƙwasa ta, burushinta ya cinye. Wadda ta tashi da ƙarfi, laifin yana waya ko sensan zafi. A kuma tabbatar tana zuƙo iska zuwa wajen inji: a kara takarda a gaban kondensa (ragar esi da ke gaban lagireto), in ta manne daidai ne, in ta ture an juya wayoyin. Wannan yana yawan faruwa bayan an sa fankar gwanjo.

Sai a leƙa tsakanin kondensar esi da lagireto. Ƙurar hunturu, ciyayi, ƙwari da guntun leda suna taruwa a nan, ba a ganinsu daga waje. A wanke da tiyo daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota yana kwantar da siraran haƙoran lagireto.

Shi tamostat, a irin motarka yana fara buɗewa wajen digiri 82, lambar ma tana jikinsa. Aikinsa ya kai inji ga zafin da aka ƙera shi a kai, ya riƙe shi a nan. In babu shi, inji yana daɗewa a sanyi, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi su ci da wuri. Gwajinsa ba wuya: a rataya shi da zare a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ya buɗe kusan santimita 1, ya rufe in ya huce. Wajen mayarwa, ɗan ƙaramin bawul ɗin nan mai rawa na gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita. Haɗa fanka kai tsaye kuwa ɓoye cuta ne, kuma yana kashe fankar da wuri.

Tambaya: Ina haya da Golf 3. Kullum da safe sai na ƙara fiya wata leda biyu, alhali ba na ganin ɗigo a ƙasa. Ina ruwan ke tafiya?
Direba, Funtuwa

Amsa: Maigida, leda biyu lita 1 ke nan a rana, ba ƙaramin yoyo ba ne. Ko dai yana ɗiga kan inji mai zafi yana ƙonewa, ko yana shiga cikin injin. A fara da na waje, da safe kafin a tayar. A Golf, robar nan da ke gefen kan silinda, inda tiyo-tiyo ke haɗuwa, ta saba tsagewa in ta tsufa. A duba ta, da bakin kowane tiyo wajen kilif, da ƙarƙashin famfon ruwa, da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyam. Busasshen farin tabo shi ne sawun yoyo. A taɓa kafet na gaba, in da danshi hita ce (ɗan lagireton ɗumama cikin mota) ta fashe. Murfin tankin ruwan ma in ya daina riƙe matsi, ruwan a tururi yake tafiya. Garejin da ke da famfon gwajin matsi zai sauƙaƙa maka: a hura zuwa "ba" 1 (ma'aunin matsi ne, bar), a jira minti 15, in allurarsa ta sauka akwai yoyo.

In waje ya fita tsaf, sai a koma kan gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan silinda da gangar inji. Alamominsa: farin hayaƙi daga salansa ko bayan inji ya yi zafi, kumfa na ta tasowa a tankin ruwa, tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi, mota na rawa da safe, filogi ɗaya ya fito fes saɓanin 'yan'uwansa, ko baƙin mai ya yi fari-fari. Ba lallai su haɗu duka ba. In an sauke kan silinda, a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe. Ya kauce fiye da milimita 0.1, a kai a goge shi. A sa sababbin kusoshi, don na wannan injin miƙewa suke in an ɗaure, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe da sifanar awo, ba da ƙarfin damtse ba. Ƙwai, garin rogo ko garin taba da wasu ke zubawa don toshe yoyo, hanyoyin lagireto da na hita suke toshewa.

Tambaya: Zafi gare mu, ba ƙanƙara. Me ya sa ba zan zuba ruwa zalla ba? Kuma ja ko kore, wane kulan (ruwan sanyaya inji na kanti) ya fi?
Hajiya, Maraɗi

Amsa: Hajiya, ba hana daskarewa kaɗai kulan ke yi ba. Yana hana tsatsa da cin alminiyam, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa: haɗin rabi da rabi sai wajen digiri 107 yake tafasa maimakon 100. Ruwan rijiya da na burtsatse yana barin irin farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi, kuma hanyoyin lagireto sirara ne. Launi rini ne kawai, littafin motarki ne alƙali. Toyota tana da nata mai ruwan hoda da aka riga aka sirka, Volkswagen tana da G12 da G13. Marar sirki a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, ba mai asid na batir ba. Koren gama-gari a canza shi duk shekara 2. Kada a cuɗa iri biyu, kuma a ɓoye shi daga yara da dabbobi, yana da zaƙi amma guba ne.

Tambaya: In allura ta kai ja ina tsakiyar tafiya, me zan yi?
Ɗalibi, Zariya

Amsa: Ka kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi, ka gangara gefe. In akwai tururi, ko ruwa na zuba, ko fanbel ya tsinke, ka kashe inji nan take. Kada ka taɓa murfin lagireto. Matsin da yake riƙewa, "ba" 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa, shi ke hana ruwan tafasa har wajen digiri 120, kana buɗewa zai yi tsiri ya sale maka fuska. Ka jira aƙalla minti 30, tiyon sama ya yi laushi, sannan ka rufa tsumma ka murɗa a hankali. Kada a kwara wa inji ruwan sanyi, kan silinda na iya tsagewa. In kuma allura ta faɗo da kanta bayan ta kai ja, ba sauƙi ba ne: wataƙila ruwan ya ƙare, sensa ba ya taɓa komai.

Tambaya: Tun da aka canza min lagireto a Peugeot 406, allura sai hawa da sauka take.
Malama, Jos

Amsa: Malama, iska ce ta maƙale. 406 tana da ƙananan sukurori na fitar da iska a kan hanyar ruwan. Inji na sanyi a kwance su, a riƙa zuba kulan a hankali har ya fito ba kumfa, a ɗaure. A tayar a bar fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, washegari da safe a cika zuwa layin da ke jikin tanki. In kumfa ta ƙi yankewa bayan haka, a gwada gasket.