Tambaya da amsa: ɗalibi zai iya samun kuɗi da waya a nan Maradi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, ina shekara ta 2, ba ni da bursi, kuma wallahi kunya nake ji kullum in kira gida a aiko min kuɗin fotokofi da na kabu-kabu. Wani abokina ya turo min wata manhaja, ya ce in na zuba jika 10 zan riƙa samun jika 1 kowace rana. Waya Android gare ni, ba ni da kwamfuta. Ina jin Hausa da Faransanci, Ingilishi kaɗan-kaɗan. Don Allah mi ne gaskiyar neman kuɗi a intanet?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Jika 10 ɗin nan (sefa dubu 10) ka riƙe abinka, kar ka zuba. Lissafa da kanka, wace sana'a ce a duniya take mayar da uwar kuɗi cikin kwana 10 kuma ta ci gaba da haihuwa? Ko manyan alhazan da ke shigo da kaya ta iyakar Dan Issa ba su cin irin wannan riba. Abin da ake yi shi ne kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, shi ya sa suke matsa maka ka kawo mutane, ranar da sabbin shiga suka ragu sai a wayi gari manhaja ta ƙi buɗewa. Haka MMM ta rufe asusun mutane a Najeriya a Disamban 2016, haka CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Akwai wani yaro da nake koya wa aiki, ya zuba jika 15 a irin wannan, kwana 4 ana biyansa, daɗi ya kwashe shi ya jawo ƙanwarsa da abokan ɗakinsa biyu, ranar da abin ya tsaya ya zo min idonsa jajur, ba ma kuɗinsa ke damunsa ba, da wane ido zai kalli ƙanwar tashi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Su kuma na danne-danne, irin su Hamster Kombat da aka yi ta yayi a Telegram a 2024, ba su karɓi kuɗin shiga ba amma sun cinye lokaci da mega, watanni mutane suna taɓa waya, da aka raba ladan a watan Satumba abin da mafi yawa suka samu bai taka kara ya karya ba. Shafukan cike tambayoyi ma haka, kamfanonin da ke biya ra'ayin masu sayayya a Amurka da Turai suke nema, da ka sa Nijar sai a ce maka babu aiki yanzu.

Abin da nake so ka gane, manhaja ba ta biyan kowa. Mutum ne mai buƙata yake biya, waya hanya ce kawai da za ta kai ka wurinsa. Kuma masu buƙatar nan ga su cike da garinmu. Shiga babbar kasuwa ka duba masu atamfa da shadda da takalma da turaren wuta, da yawansu suna sa kaya a WhatsApp da Facebook da TikTok, amma hoton duhu, ba farashi, ba lamba. Ka sauke Canva da CapCut, duka suna aiki a waya kuma akwai na kyauta, ka yi sati 2 kana koyon haɗa fosta da ɗan gajeren bidiyo. Sai ka je wurin mai shago guda wanda ya san ka, ka fito da turmi 3 waje inda haske yake da safe, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa ka ɗauka, ka sa farashi da lambarsa, na farko ka yi masa kyauta. In ya ga ana kira, shi da kansa zai ce ka dawo, a nan ne za ku yi ciniki, ko na wata ko kuma kowane kaya da aka saya ta hannunka a ba ka kamisho. Katin ɗaurin aure da na suna ma yanzu ta waya ake rabawa, jika 1 jika 2 kana yi, kuma ba ka jiran kowa daga waje, ta Nita ko Amana ko Airtel Money kuɗinka zai shigo, ko ma a miƙa maka hannu da hannu. Wata ɗaliba da na sani a unguwar Zariya da katin biki kaɗai take sayen fofe ɗinta na intanet da sabulu, ba ta ma fita, mata ke turo wa juna lambarta.

Sai abin da ka faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba, Hausa da Faransanci. Wannan shi ne babban jarinka. Ƙungiyoyi da masu bincike suna shiga ƙauyuka su ɗauko hira da murya, suna neman wanda zai rubuta ta kuma ya fassara, masu rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, ma haka, ga kamfanonin da ke tattara murya da rubutu na Hausa don koya wa kwamfuta harshe. Kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Amma fa iya magana daban iya rubutu daban, sai ka koyi ƙa'ida, ka san inda ake sa ɗ da ƙ da ɓ, ka sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarka. Aikin yana da cin rai, hirar minti 20 da wata tsohuwa, ga kukan awaki ga iska, na ga ta cinye wa mai koyo awa 3, don haka kar ka yanke farashi kafin ka saurari muryar. In kana son gogewa, Common Voice na Mozilla, shafin tattara murya, yana da Hausa, Translators without Borders, ƙungiyar masu fassara, ma suna aiki da Hausa, dukansu na sa kai ne ba neman kuɗi ba, amma hannunka zai faɗa kuma ka samu abin nunawa.

Fiverr da Upwork da ProZ, shafukan neman aiki a intanet, gaskiya ne, ana samu, sai dai ba na son ka fara da su. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, kuma sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cire kuɗinsa. Upwork kuma neman aikin kansa da wasu maki ake yi da suke kira Connects, in sun ƙare sai ka saya. Ga gasa da mutanen duniya, yawanci cikin Ingilishi. Babban abin da ke kayar da yaranmu shi ne hanyar fitar kuɗi, su ta PayPal ko Payoneer ko banki suke biya, ba su san Nita ba. Saboda haka kafin ka yi aikin minti ɗaya a kowane shafi, buɗe wurin biyan ka tabbatar Nijar tana ciki kuma kana da asusu da sunanka na katin ɗan ƙasa. Kar ka ari asusun wani a Katsina ko Kano, ranar da aka nemi shaida aka rufe, kuɗin ya tafi. In da yuro za a biya ka lissafin da sauƙi, yuro 1 kusan sefa 656 ne, ba ya motsi, dalar Amurka ce ke hawa da sauka.

YouTube kuwa dogon zango ne, mabiya 1.000 da awa 4.000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara maganar kuɗin talla, kuma ba kowace ƙasa tsarin ya shiga ba. In kana da ƙarfi a lissafi ko fizik, ya fi maka ka buɗe gurup na WhatsApp na 'yan BEPC da bak, kana tura gyaran tsofaffin jarabawa da murya cikin Hausa, iyaye su biya ɗan wani abu a wata.

Zaɓi ɗaya kawai cikin waɗannan, ni a ganina fosta ko fassara, ka ba shi awa 2 da dare bayan ka gama bita, lokacin jarabawa kuma ka gaya wa masu ba ka aiki tun da wuri cewa za ka tsaya. Samu ɗan littafi kana rubuta abin da ya shigo da abin da fofe ya ci. Kuɗin farko da ka tara ka sayi batirin caji na hannu saboda ɗaukewar kuran, sannan ka fara ajiyar kwamfuta ko da ta hannu ce, don rubutun hira da yatsa biyu a waya ba zai kai ka nesa ba. In ka haɗa fostarka ta farko turo min in duba maka. Allah ya ba da sa'a.