Ƙofar Baƙin Tauraro: amsar Baffa daga Nima

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mahaifiyarka. Saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini, don idona ya yi rauni bana. Ka ce ka ga hoto a waya, tsofaffin sojoji da manyan gwamnati sun jeru kusa da wata ƙofar dutse mai baƙin tauraro a bisa, ana ajiye furanni, ana busa begila, kowa ya yi tsit, har ka hango masu rawani a cikinsu. Kana tambaya ko wannan al'adarmu ce ko ta Nasara, kuma me zai kai Musulmi tsayawa gaban gini da mutum-mutumi. Na ji daɗi da ka tambaye ni maimakon ka yanke hukunci daga nesa. Ni ma ina zuwa wurin duk shekara, in dai ƙafa ta yarda, don haka bari in gaya maka abin da ke kai ni.

Taron da ka gani na ranar 28 ga Fabrairu ne, a nan Ankara, babban birnin Ghana, wadda ku kuke rubutawa Akra. Ƙofar kuwa tana bakin babban filin da ake kira Filin 'Yanci, tsakanin filin ƙwallo da teku. A goshinta an rubuta 1957, da kalmomi biyu cikin Turanci masu nufin 'yanci da adalci. Mutane da yawa suna zaton a shekarar aka gina ta, amma sai 1961 aka kammala filin, ana gaggawa saboda zuwan Sarauniyar Ingila a watan Nuwamba. Ina yaro lokacin, shekarata goma sha biyu, an jera mu da 'yan tutoci a hannu, rana tana dukanmu. Tauraron da ke kai shi ne na tutar Ghana, kuma asalinsa daga kamfanin jiragen ruwan Marcus Garvey ne, mutumin Jamaika da ya yi ta kiran baƙar fata su waiwayi Afirka. Nkrumah ya sha karatunsa lokacin da yake Amurka.

Amma ba ginin ne ke tara mutane ba, abin da ya faru a ƙasar wurin ne, kuma kakanka yana nan aka yi shi.

Ka san fataucin goro ne ya kawo shi daga Kano, ya zauna Kumasi kafin ya gangaro bakin teku. Da yaƙin Hitila ya ɓarke sai ya shiga soja, kamar dubban 'yan zango da mutanen arewacin ƙasar nan. Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin Glover, wani hafsan Ingila, lokacin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Turawa suke ɗaukar Hausawa aikin bindiga, har rundunar farko ta ƙasar nan da sunan Hausa aka san ta. Da Hausa ake magana a bariki, ko kai Bafrafre ne ko Badagombe. Taken rundunar ma da Hausa yake, Kullum Shiri. An kai su Habasha, an kai su ƙasar Bama, wato Burma, suka yi yaƙi da Japanawa cikin daji da ruwan sama da zazzaɓi. Babban barikin sojan da ke nan garin sunan Bama yake amsawa har gobe. Kakanka bai cika son ba da labarin can ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne alkawarin da aka yi musu, cewa in sun dawo akwai fansho mai kyau, akwai aiki.

Suka dawo, ba aiki, kuɗin sallama ba ya sayen abin kirki, ga kaya sun yi tsada. Manyan kamfanonin Turawa sun haɗa kai, su ke sa farashi yadda suka ga dama. Sunan ƙungiyarsu a taƙaice AWAM, kuma har yau in mutumin Ghana ya ce maka abu awam ne, yana nufin cuta ce. A watan Janairun 1948 wani basaraken unguwar Osu ta nan Ankara, Nii Kwabena Bonne, ya ja mutane suka ƙaurace wa kantunan Turawa wata guda cur. Ranar da aka janye ƙauracewar, Asabar 28 ga Fabrairu, ita ce ranar da tsofaffin sojoji suka fito da takardar koke za su kai wa gwamna, Gerald Creasy. Babu mai riƙe da makami a cikinsu. Suka nufi gidan gwamna, wato tsohon ginin nan na mutanen Danmak da ke bakin teku a Osu, inda a da ake tsare bayi kafin a ɗora su a jirgi.

A mararrabar da ke kusa da inda ƙofar take yanzu 'yan sanda suka tare su. Shugabansu Bature ne, Imray. Ya ba da umarnin harbi, yaransa ba su harba ba, sai ya karɓi bindiga daga hannun ɗayansu ya harba da kansa. Mutum uku suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Kakanka ya ce yana can baya, bai ga harbin ba, ƙara kawai ya ji, sai ya ga mutane suna komowa a guje. Abin da ya tsaya masa a rai har ya koma ga Allah shi ne, mutanen da harsashin Japan bai samu ba, harsashin wanda suka yi wa yaƙi ne ya kashe su, a ƙofar gida, da takarda a hannu. In ya zo nan a labari sai ya yi shiru, ya ɗauki carbinsa.

Kafin dare gari ya kama da wuta. Aka fasa kantuna, tarzoma ta bazu har Kumasi da wasu garuruwa, mutum 29 suka mutu, sama da 200 suka ji rauni. A watan Maris Turawa suka kama mutum shida da suke zargi da hura wutar, cikinsu har da Danquah da Nkrumah. Su ne shidan nan da za ka gani a jikin takardar sidi, kuɗin Ghana. Kamun da aka yi don a karya su shi ya ɗaga sunansu. Ingila ta turo kwamitin bincike na Watson, ya ce tsarin mulkin ya tsufa, a sake. Daga nan abu ya yi ta gudu: Nkrumah ya kafa jam'iyyarsa a 1949, aka ɗaure shi a 1950, ya ci zaɓe yana kurkuku a 1951, kuma daren 6 ga Maris 1957 ya tsaya a tsohon filin folo, sanye da batakari irin ta mutanen arewa, ya shelanta 'yanci. Shekara tara ke nan daga ranar harbin, kuma Nijeriya da Nijar sai bayan shekara uku suka biyo.

Yanzu ga tambayarka. Ajiye furanni da busa begila da yin shiru na minti guda, duk wannan ba namu ba ne, al'adar sojan Ingila ce da aka gada tare da kaki. Mu in an yi mutuwa, wanka ne da sallah da binnewa, sai zaman makoki da sadaka da addu'a. Ba ma gina wa mamaci komai. Akwai kuma al'adar mutanen Ga, masu garin, ta zuba abin sha a ƙasa suna kiran kakanni. Wannan tasu ce, ni ba na sa hannu, kuma ba wanda ya taɓa tilasta mini. Ba na rusunawa gaban mutum-mutumin sojan da ke filin, ba na kuma ganin wutar da ake kunnawa a wurin tana da wata albarka. Maganar mutum-mutumi ma, na ga ƙarshensa da idona. An kafa na Nkrumah a gaban majalisa yana raye, da aka yi masa juyin mulki ranar 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, mutane suka tumɓuke shi suka fille masa kai. Yana nan a wurin kabarinsa, gangar jiki daban, kai daban a gefe. Tun daga ranar ban ƙara ganin hikimar sassaƙa mutum ba.

To amma tsayuwa, ina tsayawa. Malaminmu na allo ya karantar da mu cewa an wuce da gawar Bayahude a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe. Aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Mutanen nan uku ba 'yan zango ba ne, amma sahu ɗaya suke da kakanka a ranar, kuma da harsashin ya karkata kaɗan, da ni da mahaifinka labari ya bambanta. Idan aka busa begila kowa ya yi shiru, ni a zuciyata Ƙulhuwallahu nake karanta wa tsohona da abokansa Musulmi da aka baro a dajin Bama, waɗanda ba a san kabarinsu ba, ba kuma wanda zai je musu ziyara. Niyyata ke nan, Allah kuma shi ne masanin abin da ke cikin zukata. Wasu malamanmu a nan unguwarmu ta Nima ba sa zuwa, sun ce barin abin da ke da shubuha ya fi. Ina girmama su, ban taɓa jayayya da su a kai ba.

Akwai wani dalili kuma, wanda ya shafe ka kai tsaye. Kalmar adalci da ke goshin ƙofar nan ba kullum ta iso zango ba. A shekarar 'yancin kanta gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, aka tura su Nijeriya, saboda suna ɓangaren adawa. Sannan a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. Cikinsu akwai mahaifinka. Ni na zauna ne don tsoho ya ƙi motsawa, ya fito da takardar sallamarsa ta soja ya ce wanda ya isa ya zo ya ɗaga shi. Shi ya sa aka haife ka a Kano, ni kuma zan mutu a Nima. Saboda haka idan na sa babbar riga da hula na je na tsaya a wurin nan, ina so duk mai kallo ya san cewa da mu aka sha wahalar ƙasar nan tun kafin a sa mata suna Ghana. In muka ƙaurace, yaran da ke tasowa za su ɗauka mu baƙi ne da muka zo cin arziki bayan an gama.

Kuma ka sani, filin nan da kake gani da sojoji, a cikinsa muke sallar Idi. Tun zamanin Rawlings aka mai da ranakun Sallah hutun ƙasa, kuma Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, shi ya daɗe yana jan mu sallah a can, shugaban ƙasa ko mataimakinsa na zaune a gefe. Sahu-sahu har kusa da bakin teku, kabbara tana tashi, ƙofar tana tsaye a inda take ba wanda ya kula ta. Kakanka bai kai ga ganin wannan ba.

Lambobinsa na yaƙi suna nan a akwatina, tare da takardar sallamar, ta yi ja ta fara yagewa a wurin ninki. Ba ni da ɗa namiji a kusa, kuma na fi so su koma hannunka da su lalace a nan. In Allah ya hore maka, ka zo ƙarshen Fabrairu, mu hau mota daga Nima mu sauka a Osu, in nuna maka mararrabar da ƙafata. In ka je ka ga zuciyarka ba ta kwanta da tsayuwar ba, ka koma gefe ka jira ni, ba zan ji haushi ba. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata goron da ta aiko a nema mata yana hanya.