Hukuncin zuwa hutu tsibiran Cape Verde da hawan dutse mai aman wuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekara uku da aure ban taɓa fita da iyalina ko'ina ba. Na yi adashi na tara kuɗi, muna so mu je tsibiran Cape Verde a watan Janairu. Za mu yi kwana biyar a otal ɗin bakin teku a tsibirin Sal, mu sauka Litinin da rana mu tashi Asabar da safe, sai kwana biyu a Santiago, uku a Fogo don mu ga dutsen nan mai aman wuta. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce haramun ne, wai wurin azaba ne kamar garin Samudawa. Haka ne? Kuma kasaru za mu yi ta yi har mu dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka sayi tikiti. Da yawa sai sun dawo suke zuwa neman fatawa.

Fita da iyali a huta da kuɗin halal ya halatta, matuƙar inda za a je ba a hana mutum sallarsa da suturar matarsa. Na kuma ji daɗi da ka ce adashi ka yi. Da bashin ruwa ka ciwo, da amsar nan ta tsaya a nan.

Maganar abokinka kuwa kuskure ce, ko da yake na san inda ya samo ta. Hadisin Ibn Umar ne a Bukhari da Muslim, lokacin da Annabi (SAW) ya biyo ta Hijr, garin Samudawa, a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai suna masu kuka. Hadisin ya inganta, amma a duba dalilin hanin. Mutane ne da Allah Ya ambata da sunansu, Ya aiko musu Annabi Salihu, suka soke taguwa, Ya halaka su, kuma wahayi ne ya gaya mana haka. Wane wahayi ne ya ce mutanen Fogo an yi musu azaba? Wanda ya kalli wata ƙasa ya ce Allah Ya yi fushi da ita ba tare da nassi ba, ya faɗi abin da bai sani ba game da Allah, kuma wannan ya fi yawon buɗe ido haɗari.

Ka tambayi abokin naka a kan me Madina take zaune. Annabi (SAW) ya haramta abin da ke tsakanin "labatain" ɗinta, wato filayen baƙaƙen duwatsu guda biyu da ke gabas da yammacin garin, waɗanda Larabawa ke kira harra. Duwatsun nan narkakken dutse ne da ƙasa ta amayar ya daskare, irin wanda za ka taka a Fogo. A shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, wuta ta sake ɓullowa gabas da Madina, ta yi makonni tana gudu kamar kogi. Imam Nawawi yana raye a lokacin, ya kuma ambace ta a sharhinsa na Sahihu Muslim a ƙarƙashin hadisin wutar Hijaz da za ta haskaka wuyan raƙuma a Busra. Mutanen Madina sun tsorata, sun taru a masallacin Annabi suna tuba, amma babu malami ɗaya da ya ce garin ya zama wurin azaba a daina ziyararsa. In an bi ƙa'idar abokinka, alhazanmu ne za a fara hanawa. A cikin suratu Faɗir ma Allah Ya lissafa duwatsu farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin cikin ayoyinSa, aya ta gaba kuma ta ce malamai ne ke tsoronSa daga cikin bayinSa.

Saboda haka ka je ka gani. Sunan Fogo kansa wuta yake nufi da harshen Fotugal, tsayin dutsen mita 2,829. A watan Nuwamba na 2014 ya yi amai ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, ba a rasa rai ba, mutanen suka dawo suka yi gini a kan dutsen da ya cinye gidajensu. Ka ɗauki ɗan jagora ɗan garin, kuma in hukuma ta rufe hanya kada ka ce tawakkali za ka yi. In maiɗakinka tana da juna biyu, ku tsaya a gindinsa.

Sai sallah, kuma a nan ne lissafin kwanakinka ya canza hukunci. Ba za ku yi ta kasaru har ku dawo ba. A mazhabar Malik, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya zama mazauni. Ranar da ka shiga bayan alfijir ba a ƙirga ta, haka ranar fita. A Sal kana da Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, huɗu cif. Don haka a hanya ku yi kasaru, da kun sauka Sal ku cika. Juma'ar makon ma ta hau kanka in ana yin ta kusa da kai. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, akasarin mutanenta Katolika ne, amma ka nemi 'yan Sanagal masu sayar da kayan tsaraba a Santa Maria, garin bakin teku da ke Sal, su za su nuna maka inda suke sallah. Ranar Asabar da ka tashi zuwa Santiago sabuwar tafiya ce, ta haura mil 48, kuma Shehu Halil, mai Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya ce ko ta ruwa ce ana kasaru. Daga nan har Fogo har gida kasaru ne.

Janairu lokacin hazo ne a can. Ƙurar hunturun da muka sani ita ce ke tsallaka teku ta rufe tsibiran, har jirage su kasa tashi. In ta tsare ku a Fogo kuna cewa yau ko gobe, ku ci gaba da kasaru ko an yi mako, tunda ba ku yi niyyar zama ba. In kun shiga jirgin ruwa, Malikawa sun keɓe rangwamen haɗa salloli da tafiyar tudu, don haka kowace a lokacinta, a tsaye in an iya, a zaune in jiri ya hana. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa kamar a gida, agogonsu kuma yana bayan namu da awa biyu. In wani ya ce maka mai tafiyar wasa ba ya kasaru, misalin da masu sharhi suka fi kawowa mai farautar nishaɗi ne. Wanda ya fita ya faranta wa matarsa rai bai shiga ciki ba.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Kwana biyar ɗin nan na Sal sun fi dutsen ba ni damuwa. Santa Maria wurin Turawa masu shan iska ne, tsiraici a bakin ruwa ba a ɗauke shi komai ba, manyan otal-otal kuma sukan haɗa giya cikin kuɗin ɗaki. In akwai tsarin da babu giya, shi za ka zaɓa. In babu, kuɗinka na ɗaki da abinci ne, amma kada ku zauna a teburin da ake sha. Ka kuma yi wa kanka gaskiya: runtse ido na awa ɗaya daban, na kwana biyar daban, ga matarka a gefe tana ganin inda idonka ya je. Da ni ne, kwana biyu zan yi a Sal, mu fita bakin ruwa bayan asuba kafin jama'a su tashi, sauran in ƙara wa Santiago. A can ne tsohon garin Cidade Velha yake, inda har yau ginshiƙin da ake ɗaure bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma yake tsaye.

Abincinsu na gargajiya, kacupa, masara ce da wake, amma sau da yawa akwai naman alade a ciki. Ku nemi ta kifi, ku kuma tambaya da me aka dafa. A kwarin dutsen Fogo ana noman inabi ana yin giya, 'yan jagora sukan kai baƙi ɗanɗano. Ku wuce, kada ka saya ko don tsarabar abokin aiki Kirista. Gahawar tsibirin ta ishe ku tsaraba.

Kafin tafiya ka je ka sallami mahaifiyarka da kanka, ka bar mata abin cefane, kada ta ji labari a bakin wani. Hotunan iyalinka kuma su zauna a wayarka, ban da Facebook. Abokinka ka karanta masa amsar nan ku biyu, ba a cikin majalisa ba.

Wallahu a'alam.